Kafin Ka Biya Kuɗin Ajin Rawar Bibbiyu A Legas

Abu na farko da ya kamata ka sani game da ajin koyon rawar bibbiyu, tun kafin maganar takalmi ko kuɗi, shi ne ana musayar abokin rawa. Malami zai jera ɗalibai layi biyu, ko ya yi da'ira da su, a maimaita taku ɗaya na minti biyu ko uku, sai ya tafa hannu ya ce a canza. Kowace mace ta matsa wurin namijin da ke gaba. Kafin awa guda ta cika ka riƙe hannun mutum goma ko fiye. Haka ake yi a Lekki, haka ake yi a Ikeja, haka ake yi a galibin wuraren da ake koyar da salsa ko bachata a duniya. Dalilinsa mai ƙarfi ne. Mutum biyu da suka maƙale wa juna sukan saba da kuskuren junansu, har su riƙa rufa wa juna asiri ba su sani ba. In aka canza hannu, nan take laifin kowa yake fitowa fili.

To amma mu Hausawa ba haka muka taso ba. A bikinmu mata na tasu rawar gaban masu kiɗan ƙwarya, maza na tasu gaban mai kalangu, in ma an haɗu a fili ɗaya ana fuskantar juna ne, ba a riƙe juna. Musulmi kuma ya san abin da malamai suka ce kan taɓa wadda ba muharramarsa ba. Saboda haka ka yanke shawara tun kana gida, kada sai malami ya tafa hannu sannan ka tsaya kana rarraba ido. Hanyoyi uku ne a gabanka in ba ka son musayar. Ka je da matarka, ko ki je da mijinki, ku gaya wa malami tun kafin a fara cewa ba za ku shiga zagayen ba. Malamin da ya san aikinsa ba zai ɗauki wannan wani abu ba, zai ajiye ku a ƙarshen layi ko wajen da'ira don zagayen ya riƙa tsallake ku. Ko kuma mata su haɗu su shida ko takwas su ɗauki malama, rabi su koyi jagora, wato ba da saƙon abin da za a yi da hannu, rabi su koyi bi, wato amsa saƙon, domin jagora ba aikin namiji kaɗai ba ne, aikin wanda ya koye shi ne. Hanya ta uku ita ce ajin taku zalla, wanda kowa ke rawarsa shi kaɗai gaban madubi. Wannan ba zai koya maka riƙo ba, amma zai gyara maka ƙafa da kunne, waɗanda su ne rabin aikin.

In kun zaɓi kada ku yi musaya, ku san abin da kuka rasa, ku kuma cike gurbinsa. Ku roƙi malami ya riƙa tsayawa kanku sau biyu ko uku a kowane darasi. In akwai malami da malama, shi ya gwada riƙon miji, ita ta gwada na mata, ta haka za a gano wanda ke ture wani da wanda ke riga kiɗa.

Wace rawa za ka fara da ita

Allunan talla a Legas sukan haɗa suna uku a layi ɗaya: salsa, bachata, kizomba. Ba abu ɗaya ba ne, kuma nisan da ke tsakanin jiki da jiki ya bambanta ƙwarai.

Salsa ta samo asali daga kaɗe-kaɗen Kyuba, sannan ta yi suna a birnin Niyok a shekarun 1960 da 1970. Tana da sauri, tana da juyi da yawa, kuma mafi yawan lokaci hannu kaɗai ake riƙewa, akwai fili tsakanin mutum biyun. Bachata ta Jamhuriyar Dominikan ce, hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2019. Takunta ya fi sauƙin kamawa, sai dai a kula: akwai ta gargajiya mai wasa da ƙafa, akwai kuma wani salo da ya taso daga Sifen wanda jiki ke haɗuwa sosai ana lanƙwashe-lanƙwashe. Ka tambaya wanne ake koyarwa. Kizomba kuwa daga Angola take, ɗiyar wata rawa ce mai suna semba, kuma da ƙirji ake jagora a cikinta, rungume ake yin ta daga farko har ƙarshe. Ba sai an yi dogon bayani ba, kowa ya san da wa zai iya yin wannan.

Masu shirin dina, waɗanda burinsu kawai ango da amarya su yi minti uku a fili ba tare da an taka wa amarya bakin riga ba, salon rawar Turawa da ake kira wals ya fi musu. Ƙirgensa uku ne, tafiyarsa a hankali, doguwar riga kuma tana ƙara masa kyau. Ango ya kai ƙafar hagu gaba, dama gefe, hagu ta haɗe. Sannan dama baya, hagu gefe, dama ta haɗe. Akwati ke nan aka zana a ƙasa. Makonni shida sun isa a fita kunya.

A ganina wanda yake son ya iya rawar bibbiyu da gaske ya fara da salsa, ya kuma tsaya a kanta wata uku kafin ya leƙa wata. Ta fi wuya a makon farko, amma wanda ya kama ƙirgenta zai ga bachata kamar shan ruwa. Tambaya ɗaya za ka yi: a kan bugu na ɗaya na kiɗa ake sauya alƙiblar taku ko a kan na biyu? Salon Los Anjelis a kan ɗaya yake, na Niyok a kan biyu, na Kyuba kuma zagaye ake yi maimakon a bi miƙaƙƙen layi. Duk suna da kyau. Abin da ba shi da kyau shi ne ka je ajin wannan ranar Talata, ka je na wancan ranar Asabar, ƙafarka ta rasa na kamawa. Bayanin da ke ƙasa na salon da ake taka gaba a kan ɗaya ne.

Ƙirge da nauyi

Nan ne gizo ke saƙa. Yawancin masu farawa suna zuwa ne da zumuɗin juyi da sarƙe-sarƙen hannu irin waɗanda suka gani a TikTok, alhali abin da ke raba wanda zai iya da wanda zai gudu bayan wata ɗaya abu biyu ne ƙanana: jin ƙirge, da sauke nauyi kan ƙafar da ta taka.

Kiɗan salsa bugu takwas ne ke zagayowa, amma taku shida ake yi. Ɗaya, biyu, uku, a ɗan dakata. Biyar, shida, bakwai, a ɗan dakata. Huɗu da takwas suna nan a cikin kiɗan, ƙafa ce kawai ba ta taka su. Mai jagora zai kai ƙafar hagu gaba a kan ɗaya. A kan biyu ya mayar da nauyinsa kan ƙafar dama a inda take. A kan uku hagu ta dawo kusa da dama. A kan biyar dama ta koma baya, a kan shida nauyi ya dawo kan hagu a inda take, a kan bakwai dama ta dawo gida. Mai bi kuma tamkar madubinsa take: dama baya a kan ɗaya, hagu gaba a kan biyar.

A takarda babu wuya. A ƙasa kuwa, biyu da shida ne ke kayar da mutane. Saboda ƙafar ba ta matsawa ko'ina a waɗannan bugun, sai mai koyo ya ɗauka babu abin yi, ya bar nauyinsa a ƙafar gaba. Da an zo uku, ƙafar da ya kamata ta ɗaga ita ce ke ɗauke da shi, sai ya ɗaga ɗayar, shi ke nan ƙafa ta juye, ya hau yatsun abokiyar rawarsa. Maganin abin shi ne a duk taku ka tabbata za ka iya ɗaga ɗayar ƙafar daga ƙasa ba tare da ka yi tangaɗi ba. A makon farko ka riƙa ɗaga ta ɗin da gangan, ko da yatsa ɗaya ne daga ƙasa, kamar mai tattaki a wuri ɗaya. Zai yi kama da faretin soja, ba komai. Daga baya zai lafa.

Sai girman taku. Kada ya wuce tsawon tafin ƙafarka. Mai koyo yakan yi dogon taku don yana ganin haka ne rawa za ta fito, amma ƙafar da ta yi nisa tana buƙatar lokaci kafin ta dawo, kiɗa kuma ba ya jira. Duk wanda ka ga yana haki bayan waƙa ɗaya, duba ƙafarsa, za ka tarar yana auna fili ne. Ka taka da gaban tafin ƙafa, diddige ya biyo baya a hankali, gwiwa a sake ba a ƙame ba. A takun baya musamman, kada ka zauna kan diddige, domin in nauyi ya tafi can, dawowarsa sai da makara. Kanka kuma ya tsaya a tsayi ɗaya. Salsa ba ta son tsalle-tsalle, kuma wanda ya saba da rawar kiɗan zamani na nan Legas yakan shigo da girgizar kafaɗa da lilon sama da ƙasa, ya sa hannunsa ya riƙa aika wa mai bi saƙon da bai yi niyya ba.

Maganar ƙugu, ka manta da ita tukuna. Motsin ƙugun da kake gani wajen gwanaye ba murguɗawa suke yi ba, yana fitowa ne daga miƙewar gwiwa ɗaya yayin da ɗayar ke lanƙwashe. In nauyi na sauka daidai, ƙugu zai zo da kansa.

Yanzu kunne. Da yawa suna iya takun in malami na ƙirgawa, da ya yi shiru sai su ɓace. Kiɗan ba baƙo ba ne a kunnen ɗan Afirka ta Yamma. Bayin da aka kwasa daga wannan gaɓar zuwa Kyuba, cikinsu har da Yarbawa masu yawa, da gangunansu suka tafi, har gobe ana kaɗa gangar bata a Habana, kuma a ƙarni na 19 wasu jikokinsu sun dawo suka zauna a unguwar Popo Aguda da ke tsibirin Legas. Matsalar ita ce kayan kiɗan suna da yawa, kowanne da abin da yake faɗa. Kada ka bi jita mai kauri, wato bes. A kiɗan da muka saba ji a mota ita ke nuna inda za a taka, amma a salsa takan riga bugun farko faɗowa, sai ta yaudare ka. Ka nemi doguwar ganga da ake kira konga. Za ka ji tana yin wani amo biyu a jere, kum-kum, a kan huɗu da kuma a kan takwas, wato daidai inda ƙafa ke hutawa. Abin da ya biyo bayan kum-kum ko dai ɗaya ne ko biyar. In waƙa ta yi zafi za ka ji wani ƙarfe mai amo irin na kuge yana sara ɗaya, uku, biyar, bakwai. Bambance ɗaya da biyar kuma sai da mawaƙi: galibi sabon baiti ko shigowar ƙahoni yana faɗowa ne kusa da ɗaya. Ka sa abin sauraro a kunne cikin BRT ko danfo, ka riƙa ƙirgawa da yatsa a kan cinya. Go-sulo ɗin gadar Third Mainland kaɗai ya isa ya koya wa mutum ƙirge cikin mako biyu.

Ka kuma ƙirga da baki a aji, a fili, ba a zuci ba. Malamai a Legas da Turanci ko Burokin suke ƙirgawa. In ƙirgen Hausa ya fi zauna maka, yi da shi a gida, sai dai bakwai da takwas suna da nauyi a baki in kiɗa ya yi sauri, shi ya sa wasu ke komawa "tak, tak, taak" kawai.

Riƙo

Riƙo iri biyu ne. A buɗaɗɗe, mai jagora zai miƙa hannayensa daidai tsayin cibiyar mai bi, tafi na kallon juna ko ɗan sama, ita kuma ta ɗora yatsunta a kan nasa kamar ƙugiya. Babban yatsa ba shi da aiki a nan. Da ya danne bayan hannunta, in aka zo juyi hannun ba zai iya zamewa ba, sai tsintsiyar hannu ta murɗe. A rufaffe, hannun damansa yana kan allon kafaɗarta na hagu, ba a ƙugu ba, ba a tsakiyar baya ba. Hannunta na hagu yana kan kafaɗarsa ko damtsensa, a ɗore ba a rataye ba. Ɗayan hannayen biyu a haɗe, kada su wuce tsayin idon wanda ya fi gajarta. Kowa ya ɗan goce zuwa hagunsa, yadda ƙafar damansa za ta kalli tsakanin ƙafafun ɗan uwansa, saboda kada gwiwoyi su yi karo.

Gwiwar hannu kullum tana gaban jiki. In ta wuce bayan haƙarƙari, igiyar da ke tsakaninku ta tsinke. Ƙarfin riƙon kuma kamar na mai ɗauke da kofin shayi cike a cikin taro: in ka sake ya zube, in ka ƙanƙame ya fantsama. Mai bi da hannunta ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya ba za ta ji saƙo ba. Wadda ta ƙame kamar icce kuma sai an yi kokawa kafin ta juya.

Ga yadda abin yake kasancewa tsakanin miji da mata a mako na uku. Malami ya koyar da juyin dama. Miji ya ɗaga hannu a kan biyar, lokacin da ya kamata a ce juyin ya riga ya fara. Matar ta san abin da ke zuwa tunda ta ji malami ya faɗa, sai ta juya da kanta tun kafin hannun ya tashi. Suka ƙare fuska da fuska a kan kiɗa, kowa na murmushi, suna zaton sun iya. Da aka sa waƙa ba tare da malami ya faɗi abin da za a yi ba, sai ta tsaya tana jira, shi kuma ya fizgo hannunta. "Haba Baban Amira, hannun nawa za ka cire?" Shi kuma ya ce, "Ai ke ce ba ki juya ba." Dukansu suna da gaskiya, dukansu kuma suna da laifi. Gyaran shi ne hannun hagunsa ya tashi a kan uku, ya tsaya ɗan sama da goshinta, tafinsa na kallonta. Wannan sanarwa ce. A kan biyar ta kai hagu gaba, a kan shida ta juya rabi zuwa dama, a kan bakwai ta cika. Hannunsa yana zana ƙaramar da'ira a saman kanta, faɗinta bai wuce na faifai ba. Ba shi ke juya ta ba, ƙafarta ce ke juya ta, shi hanya kawai yake nunawa. In ya ɗaga hannun can sama sai ta yi ɗage ta rasa daidaito, in ya yi ƙasa da yawa ya ture mata ɗankwali.

Ita kuma aikinta mafi wuya shi ne ta daina hasashe. Ta ci gaba da takunta na asali har sai ta ji saƙo a hannu. In saƙon bai zo ba, kada ta taimaka masa, domin taimakon nan ne ke hana shi koyo.

Abu na uku da ake koyarwa a watan farko shi ne ratsawa, wanda za ka ji malamai na kira kuros-bodi. Mai jagora ya yi ɗaya da biyu kamar kullum, a kan uku ya buɗe jikinsa kwatan juyi zuwa hagu ya kauce daga layi, kamar mai buɗe ƙofa ya tsaya a gefenta. Mai bi ta wuce ta gabansa a kan biyar da shida, ta juyo hagu ta fuskance shi a kan bakwai. Sun yi musayar wuri ke nan. Kuskuren maza a nan shi ne ba sa kaucewa sosai, sai ta zagaye su kamar mai kauce wa kwata. Kuskuren mata shi ne shiga ƙofar tun a kan uku ko huɗu. Wanda ya iya takun asali, juyin dama da ratsawa da kyau zai iya cinye waƙa sukutum da su, kuma za a fi jin daɗin rawa da shi a kan mai salo ashirin da babu ƙirge.

Ga mai jin jiri in ya juya: zaɓi abu ɗaya daidai tsayin ido, ko agogon bango ko fuskar abokin rawa, ka kafe shi da ido har sai wuya ya kasa, sannan ka juyo da kai da sauri ka sake kama shi. Kallon ƙasa ne ke kawo hajijiya, kuma shi ke sa ƙafa ta rikice, domin ido na ganin ƙafar wani yana son ya kwaikwaya.

Maza su san cewa watanni biyun farko sun fi yi musu ɗaci. Mai jagora yana ƙirga kiɗa, yana taka nasa, yana tunanin abin da zai sa a yi nan gaba, yana kuma duba kada su yi karo da wasu. Mai bi takan yi kamar ta riga shi iyawa. Daga baya lamarin yana juyewa, lokacin da aka zo juyi biyu a jere da tsayuwa kan ƙafa ɗaya.

Takalmi, tufafi da gumin Legas

Yawancin wuraren da ake koyarwa a nan tayil ne a ƙasa, kaɗan ne ke da daɓen katako. Kambas mai ƙasan roba yana kama tayil ƙam, jiki ya juya ƙafa ta ƙi, gwiwa ce ke biyan bashin. Silifa da duk takalmin da ba ya kama diddige ba su da wuri a aji. Namiji ya samu sau-ciki ko mai igiya wanda ƙasansa fata ce ko roba mai santsi. Mace ta fara da mara tsini ko mai ɗan tudu, inci biyu ya isa, kuma ya zama mai maɗauri a idon sawu. Kada ka sayi takalmin rawa na musamman kafin ka yi wata guda. In ka ga za ka ɗore, akwai dabara mai araha: kai tsohon takalminka wurin shumeka ya manna masa fata mai laushin gashi, wadda ake kira suwed, a ƙasa. Amma wannan takalmin ba ya taka titi, ruwa na kashe shi. A jaka ake zuwa da shi.

Babbar riga a bar ta a gida. Kaftani mai gajeren hannu ko wanda hannunsa bai yi faɗi ba yana yi, muddin tsagar gefe ta ba ƙafa hanya. Hula za ta faɗi a juyin farko. Mai abaya ko doguwar riga ta tabbata bakin rigar ya tsaya a idon sawu, domin takun baya ne ke kama shi da diddige. Zani ɗaurin ƙirji ko matsattsen siket na atamfa ba sa barin gwiwa ta yi aiki, wando mai faɗi da riga har gwiwa sun fi. Gyale mai yawo yana naɗe hannun mai jagora, gara ƙaramin hijabi mai kama kai ko ɗankwali da aka ɗaure tam, a cusa jelarsa cikin riga. A guji fil mai tsini a saman kai, inda hannu ke wucewa. Zobe mai dutse, agogo mai ƙarfe da manyan awarwaro su ma a cire.

Zafin Legas mai ɗanshi ne, gumi ba ya bushewa. In aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta ɗakin ya zama tanda. Ka zo da riga ta biyu, ƙaramin tawul da ruwa aƙalla lita ɗaya. A yi wanka, a goge baki, a sa turare kaɗan. Turarenmu na mai yana da ƙarfi, abin da ke da daɗi a falo yana iya hawa wa mutum kai in an matso kusa ana haki. Wanda ya ci tsire da albasa a hanya ya nemi minti.

Zaɓen aji

Aji iri biyu ne. Akwai mai jere, wanda ake farawa rana ɗaya a yi mako huɗu zuwa takwas, kowane darasi na hawa kan na baya. Akwai kuma na shigo-ka-taka, wanda duk wanda ya zo ranar ya shiga, galibi awa guda kafin a buɗe filin rawa na dare. Na biyun ya fi yawa a gidajen cin abinci da wuraren shaƙatawa na Victoria Island da Lekki, inda kuma sau da yawa ana sayar da giya. Wanda wannan ya dame shi ya nemi ɗakin koyon rawa na ainihi ko wurin motsa jiki. Ga mai farawa, aji mai jere ya fi nesa ba kusa ba.

Ka roƙi a bar ka ka kalli darasi ɗaya kafin ka biya na wata. Ka duba ko malami yana zagayawa yana gyara mutane ɗaya bayan ɗaya, ko kuwa yana gaban madubi yana burge kansa. Ka duba ko yana bayanin ɓangaren mai bi kamar yadda yake bayanin na mai jagora. In ɗalibai sun haura talatin kuma malami ɗaya ne babu mataimaki, ba za a ga kuskurenka ba. In a darasin farko an koyar da salo biyar, wannan nishaɗi ake sayarwa. Ka tambayi kuɗin darasi ɗaya da na wata, ka kuma tambaya ko ana rama wanda aka rasa, domin a watan Yuni da Yuli ruwan sama kaɗai zai iya cinye maka darasi biyu.

Nisa ma abin lissafi ne. Mutumin Agege ko Mile 12 da ya yi rajista a Lekki ranar aiki da ƙarfe bakwai na yamma, da wuya ya kai mako na uku. Gara ajin Ikeja, Yaba ko Surulere ko da bai kai wancan suna ba. Jirgin ƙasa na jan layi yana tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba, sai dai ka duba lokacin jirgin ƙarshe. Magariba a Legas tana faɗowa ne tsakanin wajen shida da rabi zuwa bakwai da 'yan mintuna, wato daidai lokacin da azuzuwan yamma ke farawa, don haka ajin Asabar da rana ya fi sauƙi ga mai kiyaye salla. In azumi ya kusa, kada ka fara aji mai jere, jira bayan salla.

A ƙarshen darasi malamai kan maimaita abin da aka koya don a ɗauka a waya. Ɗauki malami kaɗai, kada ka ɗauki sauran ɗalibai sai da izininsu, kai ma kana da ikon cewa kada a sa fuskarka a Instagram ɗin makarantar. Faɗa musu tun ranar farko.

Tsakanin darasi da darasi, minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi. Zaɓi tayil uku a jere a falo, ka tsaya a na tsakiya, kada takun gaba ya wuce rabin na gaba, kada na baya ya wuce rabin na baya. Minti uku ba kiɗa kana ƙirgawa da baki, minti huɗu da waƙa mai sanyi, minti uku kana juyin dama kai kaɗai. In kuna yi ku biyu, ku gwada waƙa guda mai bi ta rufe idonta, mai jagora kuma kada ya furta komai. Duk inda ta tsaya cak, a nan saƙon hannunsa ya makara, sai ku koma kan wannan bugun ku maimaita shi sau goma a hankali kafin ku sake kunna kiɗan.